Yadda ake auna matsin hayaki a salansar mota mai turbo kafin a yanke komai

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Jidda ya rubuto cewa yana da Nissan Patrol mai injin 4.8 da aka ɗora wa turbo, bust ɗinta, wato matsin iskar da turbo ke turawa cikin inji, psi 10 (psi ma'aunin matsi ne). Daga ƙasa tana tashi lafiya lau, amma da allura ta wuce juyi 4,000 sai ta yi nauyi, zafin hayaki ya hau, bust ya fara sauka, abin kuma ya fi muni a hawan Hada in za shi Ɗa'if. Wani bakanike a sina'iyya, unguwar garejoji, ya ce masa a fasa katalis, wato gwangwanin da ke tace gubar hayaki a salansa, a zubar da abin da ke ciki. Wani kuma ya ce kar a taɓa, domin inji yana buƙatar ɗan matsi a salansa. Yana so ya san yadda ake auna matsin nan, da kuma lambar da za a ce ta yi yawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Duk su biyun hasashe suke yi, kuma ka yi daidai da ka tsaya neman awo. Alamomin da ka lissafa za su iya fitowa daga katalis da ya toshe, wato abin da ake kira dabbar talawwus a nan Saudiyya, ko daga bututun salansa da ya yi wa injin kaɗan bayan an ƙara masa ƙarfi, ko daga katantanwar turbo ta ɓangaren hayaki, wato gidan farfelar da hayaki ke juyawa, da ta yi ƙanƙanta. Za su kuma iya fitowa daga abin da ba ruwansa da salansa sam, kamar iskar da ke shiga ta yi zafi har kwamfuta ta janye taimin, wato ta jinkirta tartsatsin filogi, ko famfon mai ya gaza a sama. Da kunne ba za a rarrabe waɗannan ba. Geji ɗaya da bututun jan ƙarfe su ne za su raba gardama, kuma kuɗinsu bai kai na katalis ɗin da ake shirin fasawa ba.

Bari mu fara sallamar bakanike na biyu. Babu injin da ke buƙatar matsi a salansa. Duk matsin da fistin ya tarar lokacin da yake tura hayaki waje, ƙarfi ne aka cire daga wanda ya kamata ya isa taya. Inda maganar ta samo asali shi ne, a injin da ba shi da turbo, idan aka sa bututu mai faɗi fiye da kima, gudun hayakin yana raguwa, sai a rasa jan nan da hayakin silinda ɗaya ke yi wa na mai bi masa a ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare. Motar sai ta yi sanyi a ƙasa, mutane su ce don an rasa matsi ne, alhali gudun hayaki aka rasa. A mota mai turbo ma wannan uzurin babu shi: daga farfelar turbo zuwa baya, iya raguwar matsi iya riba.

Matsi biyu ne a motarka, kuma kar a haɗa su. Akwai wanda ke tsakanin injin da turbo, a cikin manifol, shi ne ke juya farfela, dole ya kasance da yawa. Akwai kuma na bayan turbo, wanda katalis da tukunyar salansa da lanƙwasar bututu suke haifarwa. Ramin hassas ɗin oksijin, wato na'urar da ke auna oksijin a hayaki, da kowa ke cirewa ya ɗaura geji, a mota mai turbo yana bayan farfela ne, saboda haka na biyun kaɗai yake nunawa. Da yawa ana auna can, a ga psi 2, a ce salansa lafiya take, a sallami mai mota, alhali manifol na cike da psi 25.

Gwajin cikin gareji shi ne mai sauƙi, da shi za a fara. Ana buƙatar geji mai auna daga sifili zuwa psi 15, wato kusan bar 1, da adafta mai zare M18 x 1.5 wanda shi ne zaren mafi yawan hassas ɗin oksijin, da soket mai tsaga na milimita 22. Kar a ɗauko gejin kwamfureshan ko na taya mai kaiwa psi 100 ko 300, domin psi 2 ba zai ko motsa allurarsa ba. A ɗuma injin har ya kai zafin aikinsa, a kashe, a bar shi ya ɗan huce yadda hannu zai iya aiki, sannan a kwance hassas na gaban katalis. Hassas yana fin saurin kwancewa da ɗumi. In an tilasta shi da sanyi bayan ya shekara yana shan wuta, zaren ne ke biyo shi. A ɗaura adafta, a tayar, a karanta a silo, sannan a riƙe juyi 2,500 na kamar daƙiƙa talatin a sake karantawa. Ƙa'idar da aka saba aiki da ita ita ce kada ya wuce psi 1.5 a silo, kada kuma ya wuce psi 3 a juyi 2,000 zuwa 2,500. Salansa mai lafiya yawanci ko rabin haka ba ta kaiwa. A lura da halin allurar ma: idan totur na tsaye wuri ɗaya amma ita tana ta hawa a hankali, akwai toshewa. Fitilar cek za ta kama saboda an cire hassas, a share ta bayan an gama.

In wannan gwajin ya nuna psi 4 ko 5 a juyi 2,500, an gama bincike, katalis ko tukunya ta toshe. In kuwa ya fito da kyau, bai wanke salansar ba. Injin da ke juyi 2,500 babu lodi, totur ɗinsa a ɗan buɗe yake, hayakin da yake fitarwa ɗan kaɗan ne idan aka gwada da wanda yake fitarwa a juyi 4,500 da cikakken bust. A cikin bututu da tukunyar salansa kuma matsi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan hayaki: in hayaki ya ninka biyu, matsi ya ninka kusan huɗu, in ya ninka uku, matsi ya ninka kusan tara. A cikin ƙananan ramukan katalis hawan bai kai haka tsanani ba, amma yana hawa. Rabin psi a gareji zai iya zama psi 7 ko 8 a kan lodi. Matsalarka a sama take bayyana, saboda haka a sama za a auna ta.

Ga awon kan lodi, kar a yi amfani da ramin hassas. Motar da aka yi wa barmaja, wato aka sake saita kwamfutarta, musamman mai hassas na wayidban, mai auna gaurayen mai da iska, da kwamfuta ke dogaro da shi wajen daidaita mai, idan aka cire mata shi aka taka totur har ƙasa da bust, ana iya ƙona fistin a gwaji ɗaya. A walda mazauni na daban, wato notin da za a ɗaura layin geji, mai zare 1/8 NPT a wurare uku: ɗaya a manifol inda bututun silindoji suka haɗu, santimita 5 zuwa 10 kafin filanjin turbo, ɗaya a bututun da ke sauka daga turbo kafin katalis, ɗaya kuma bayan katalis kafin tukunyar farko. Idan manifol ɗin rabe yake gida biyu har zuwa cikin katantanwa, kowane gida da nasa matsin, ko a auna su bi da bi ko a tsaya a kan guda a riƙa kwatantawa da shi kullum.

Yadda aka huda ramin yana canza lambar da za a gani, shi ya sa nan ne ya kamata a yi haƙuri. Ramin ya zama ƙarami, milimita 3 zuwa 4 ya isa, a miƙe yake da bangon bututu, ba a karkace ba. Kada wani abu ya leƙo cikin bututun. In bakin abin ya leƙo yana fuskantar hayaki, gudun hayakin zai doke shi ya ƙara lamba, in ya ba shi baya zai tsotse shi ya rage. A goge kaifin da huda ta bari daga ciki. A zaɓi miƙaƙƙen wuri, nesa da lanƙwasa da kamar faɗin bututun sau uku ko huɗu in wuri ya ba da dama, domin a gefen waje na gwiwa matsi ya fi yawa, a gefen ciki ya fi ƙaranci. Na bayan turbo kar a manna shi da bakin farfela, hayakin can yana fitowa yana juyawa ne, a sauko da shi santimita 20 zuwa 30. Duk ramukan su kasance a saman bututu ko a gefensa na sama, don ruwa ya gangara ya koma ciki. Shi kuma manifol, a cire shi daga mota kafin a huda, ko aƙalla a raba shi da turbo. Ɓarɓashin ƙarfe da ya faɗa ciki ta farfelar da ke juyi sama da dubu ɗari a minti zai bi. In manifol ɗin na zubi ne mai kauri, ba sai an yi walda ba, ana huda shi a yanka masa zare kai tsaye.

Hayakin injin fetur a cikakken lodi yana kaiwa digiri 800 zuwa 950 a manifol. Babu tiyo ko geji ko hassas da zai jure wannan, saboda haka tsakanin mazauni da tiyo ana sa bututun ƙarfe mai kaurin milimita 4 zuwa 6, tsawonsa santimita 60 zuwa 90, a naɗe shi zagaye biyar ko shida a jikin wani abu mai kaurin gwangwanin lemo. Hayaki ba ya gudana a cikinsa, a tsaye yake, don haka zafin da ke bin jikin ƙarfen kaɗai ake yaƙa, kuma kafin ya kai ƙarshe ya huce har a iya taɓawa. Jan ƙarfe ya fi sauƙin lanƙwasawa, kuma ya wadatar ga gwajin yini guda. Amma girgizar inji tana taurara shi har ya tsage a gindin noti, saboda haka wanda zai bar abin a mota na dindindin ya sa sitenles, ya kuma ɗaure shi da jikin inji, ba da jikin bodi ba, don su riƙa motsi tare. A bakin manifol a yi amfani da noti mai matse bututu na ƙarfe zalla. Farin tef na masu famfo ba ya zama a wurin, ƙonewa yake yi, man zare mai jure zafi ake shafawa. Daga ƙarshen bututun sai tiyon silikon ko na birkin iska, da kilif a kowane baki, musamman a layin manifol inda matsi zai iya fizge tiyo.

Hayakin fetur cike yake da tururin ruwa, yana hucewa a layin sai ya zama ruwa, ya haɗu da baƙin hayaki ya zama taɓo. Geji ko hassas ya kasance sama da ramin, layin yana hawa ba tare da wani kwari da ruwa zai kwanta ba. Ƙaramar filtar mai ta ƙarfe a tsakiyar layi tana tare dattin, tana kuma rage rawar allura.

Rawar allura kuwa dole ce, domin hayaki bugu-bugu yake fitowa, injin mai silinda shida yana bugu uku a kowane juyi. Maganinta a sa ɗan toshi mai rami na milimita 0.5 zuwa 1 a cikin tiyo kusa da geji, jet ɗin kafireto ƙarami yana yin aikin. In ramin ya yi ƙanƙanta da yawa allura za ta riƙa makara, ta nuna maka matsin juyi 4,000 alhali injin ya kai 4,800. Geji mai gilisarin a ciki shi ma yana kwantar da allura, sai dai yana da wani hali da ya shafe mu a nan: gidansa a rufe yake ruf, in ya sha zafin Jidda ko na ƙarƙashin bonet, iskar cikinsa tana kumbura ta danne awon, a geji na psi 15 kuskuren zai iya kai psi ɗaya ko fiye. Akwai ɗan marfin roba a samansa, a ɗaga shi ya shaƙi iska kafin kowane gwaji, a tabbatar allura tana kan sifili injin yana kashe.

Layin manifol yana son geji mai kaiwa psi 60. Na bayan turbo psi 15 ya isa. Wanda ke da kwamfutar da ke ɗaukar bayanai, gara ya sa hassas na lantarki mai aiki da bolt 5, wanda ke ba da bolt 0.5 a sifili da 4.5 a ƙarshen awonsa. A mai psi 100, kowane bolt ɗaya psi 25 ne, saboda haka bolt 1.3 na nufin psi 20. A duba ko hassas ɗin daga matsin iskar waje yake fara ƙirga ko daga sifili na haƙiƙa. Nau'i na biyu zai nuna kusan 14.7 a Jidda injin yana kashe, sai an cire wannan kafin a kwatanta da bust. Wanda ba shi da wannan kayan, ya jera gejin matsi da na bust kusa da agogon juyi, ya ɗauki bidiyonsu da waya, daga baya ya bi a hankali yana rubutawa. Ido ba ya iya bin allura uku lokaci guda. Kuma kada a shigo da tiyon hayaki cikin mota a rufe gilashi ana shan esi: in ya zame, akwai iska a cikin hayakin da ba ta da wari kuma tana kisa. A manna gejin a waje, gindin gilashin gaba.

Wurin gwajin daino ne, wato na'urar da ake ɗora mota a kai a auna ƙarfinta tana tsaye, mai iya riƙe lodi in an samu, da fanka babba a gaba. Titi ba wurin wannan ba ne, ga Sahir, kyamarorin kama masu gudu, ga rayukan mutane, kuma a titi ba za ka iya maimaita gwaji iri ɗaya sau biyu ba. Injin ya yi zafi sosai tukuna, domin hayaki mai zafi ya fi cin wuri, salansa mai sanyi tana ba da lamba ƙasa da gaskiya. A sa giyar da ta fi kusa da ɗaya-da-ɗaya, inda juyin da ke fita daga giya ya yi daidai da na inji, a taka har ƙasa daga juyi 2,000 zuwa inda aka saba tsayawa, a rubuta matsi da bust a kowane juyi 500. A yi sau uku a kowane rami, ana barin mota ta huce tsakani, sauran ramukan kuma a toshe. A haɗa da zafin iskar shiga, da gaurayen mai da iska, da taimin in kwamfuta tana nunawa. In matsi ya yi tsalle fiye da yadda ake zato ko aka ji ƙwanƙwasar nan da ake kira sarga'a, a ɗaga ƙafa nan take, an riga an sami amsa.

Yanzu karatu. Bayan turbo, a ƙololuwar ƙarfi, psi 1 zuwa 3 salansa ce mai kyau. Daga 4 zuwa 6 ana asara amma ana iya zama da ita a motar yau da kullum, salansar kamfani ma takan kai haka. Daga 7 zuwa sama akwai abin gyara. Waɗannan ma'aunin aiki ne da masu gyaran irin waɗannan motoci ke bi, ba dokar kamfani ba. Abin da ya fi lambar kanta amfani shi ne bambancin ramuka biyu na baya. In gaban katalis ya nuna 8, bayansa ya nuna 2, katalis ya ci 6, shi ne mai laifi. Katalis mai lafiya da ya dace da girman injin bai kamata ya ci fiye da psi 2 zuwa 3 ba. In gaba ya nuna 8, baya ya nuna 6, to katalis bai yi komai ba, matsalar tana tukunya ko bututu, kuma da an bi shawarar bakanike na farko da an yi asararsa a banza. A Patrol da ke shiga rairayi, a leƙa ƙasa da fitila kafin a zargi tukunya, bututun da ya daki tudu ya lotse yana yin wannan. Haka bututu mai bango biyu, na ciki yakan rufta na waje yana nan sumul, da lanƙwasar da aka yi da injin da ke matse gwiwa, da farantin cikin tukunya da ya ɓalle ya tare hanya.

Dalilin da ya sa psi kaɗan a bayan turbo ke da nauyi shi ne farfela ninka shi take yi. Abin da ke juya ta shi ne matsin gabanta ya ninka na bayanta da wani adadi, kuma lissafin da matsin iskar waje a ciki ake yin sa. A ce tana buƙatar ninki 1.8 don ta ba da bust psi 10. In bayanta psi 2 ne, a haɗa da 14.7 ya zama 16.7, a ninka da 1.8 ya ba da kusan 30, a cire 14.7, manifol yana kan psi 15. In bayanta ya koma psi 8, lissafin ya zama 22.7 sau 1.8, kusan 41, manifol ya koma psi 26. Ƙarin psi 6 a baya ya jawo ƙarin 11 a gaba, bust kuma bai ƙaru da komai ba.

Matsin manifol da bust ake gwada shi. A bust psi 10, in manifol yana 10 zuwa 15, turbo ya dace da injin. In ya kai 20, wato ninki biyu, an zo iyaka. In ya wuce haka, injin yana shaƙewa: a lokacin da bawul biyu ke buɗe tare, hayaki mai zafi yana komawa cikin silinda maimakon ya fita, sabuwar iska ta ragu, zafin ciki ya ƙaru, ƙwanƙwasa ta zo da wuri, kwamfuta ta janye taimin, janye taimin kuma ya ƙara zafin hayaki. Matsin yana iya tura bawul ɗin westget, mai kauce wa farfela da rarar hayaki don riƙe bust, ya buɗe da kansa in sifirin ɗinsa mai laushi ne, shi ne za ka ga bust yana zamewa daga 10 zuwa 7 a sama. Wannan ya yi kama da abin da ka bayyana ƙwarai. Siffar hawan ma tana magana: in bust ya tsaya cak a 10 amma matsin manifol yana ta hawa da juyi, 12 a 3,000, 18 a 4,000, 25 a 4,800, alhali bayan turbo bai wuce psi 2 ko 3 ba, katantanwar ce ta yi wa injin lita 4.8 kaɗan. Maganinta katantanwa mai A/R (lambar girman katantanwa) mafi girma ko farfela babba, kuma za ka biya da ɗan jinkirin tashin bust a ƙasa. Sauya salansa gaba ɗaya ba zai taɓa wannan ba.

Game da Hada, akwai dalilin da ya sa can ne abin ke tsananta. Ɗa'if tana kusan mita 1,900 sama da teku, matsin iska a can kusan psi 11.7 ne maimakon 14.7 na Jidda. Don turbo ya ba da psi 10 a Jidda, ninka iska yake yi sau 1.68. A Ɗa'if psi 10 ɗin nan yana buƙatar ninki 1.85, in kuma kwamfuta tana neman cike giɓin da tsawo ya kawo ne, ninkin ya haura 2.1. Turbo zai ƙara gudu, iskar da yake turawa ta ƙara zafi, farfela ta nemi ƙarin matsi, ga lodi na mintuna masu yawa ba sassauci. Motar da ke bakin iyaka a Jidda, a hawan nan za ta tsallaka. Saboda haka awon da aka yi a Jidda da wanda aka yi a Riyad ko Abha ba a kwatanta su kai tsaye, a rubuta gari da zafin ranar a jikin kowace takarda.

Idan duka ramuka uku sun fito da kyau, a bar salansa ta huta, a koma kan zafin iskar bayan intakula, mai sanyaya iskar turbo, da matsin mai a sama, da tazarar bakin filogi, da irin man da ake sha. Mota mai bust a zafin nan fetur mai lamba 95 take so, ba 91 ba.

In katalis ne ya toshe, a nemi abin da ya kashe shi kafin a sa sabo. Ba ya narkewa haka kawai. Mis, wato silinda ta ƙi kama wuta, daga kwayil ko filogi, ko barmaja mai zuba mai fiye da kima, suna tura ɗanyen fetur ya ƙone a cikinsa har saƙar ta narke ta dunƙule. Man inji daga turbo mai yoyo ko ruwan lagireto daga gasket suna shafe ramukan da toka. A cire shi a haska fitila ta baya: mai lafiya za ka ga haske ta kowane rami, wanda ya narke za ka ga tsakiyarsa ta yi kamar dutse, wanda ya farfashe kuma yana ƙara in an girgiza, kuma gutsattsarinsa sukan tafi su toshe tukunyar baya, sai a duba ta ita ma. Fasa shi a bar gwangwani fanko ba shawara ba ce: ana auna hayaki a fahas dauri, wato binciken lafiyar mota na hukuma, motar za ta riƙa wari, fanko kuma yana hargitsa tafiyar hayaki. Na kamfani yakan zo da ramuka 400 zuwa sama a kowane inci murabba'i, akwai na ƙarfe mai 200 da aka yi don irin wannan aiki, a zaɓi mai faɗin jiki, a kuma ɗan nisanta shi da bakin turbo. In bututu ne, daga inci 2.5 zuwa 3 faɗin ciki yana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari, matsin da bututun ke ci ya faɗi da fiye da rabi. Daga 3 zuwa 3.5 ƙarin kashi 36 ne. A sauya abu ɗaya, a sake awo, sannan a taɓa na gaba. Duk sauyin da ya rage matsi sosai yana iya sa bust ya haura inda aka saita shi, don haka a sake duba barmaja kafin a taka da ƙarfi.

Lambar da ta yi kyau fiye da kima ita ma abar zargi ce. Yoyo a gasket ɗin manifol, ko tsaga a bututu mai lanƙwasuwa, ko noti da bai matse ba a layin geji, duk suna rage awo. Layin da taɓo ya toshe yana sa allura ta tsaya wuri ɗaya ko ta ƙi komawa sifili bayan an kashe inji. Kafin gwaji a hura layin da iskar kwamfuresa daga ɓangaren geji, gejin a cire, a kuma gwada shi da wani a kan famfon hannu a ga ko sun yi daidai. Bayan an gama, a toshe mazaunan da toshin sitenles ko na ƙarfe, a shafa musu man zare mai jure zafi don su kwance wata rana, a sake matse su bayan motar ta yi zafi ta huce sau ɗaya. Hassas ɗin oksijin kuma a mayar da shi da hannu tukuna har zaren ya kama, man zare kaɗan a zaren kawai ban da bakinsa, sannan a ɗaure shi a kusan Nm 45.